Sassaucin Lokacin Aiki ga Matan da Al'ada Ke Ɗauke Musu: A Rubuta Shi a Ƙa'ida

Aikin albashi a Zariya ya daɗe da zama na mata kamar yadda yake na maza. Tun daga lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 garin yake tara ma'aikata: ga asibitin koyarwa a Shika, ga cibiyoyin bincike a Samaru da Basawa, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kuma ɗimbin makarantun firamare da na sakandare da asibitoci da ofisoshin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari. Matan da suka shiga waɗannan wurare da ƙuruciyarsu a shekarun 1990 da farkon 2000, yau su ne shugabannin sassa da manyan ma'aikatan jinya da mataimakan shugabannin makarantu, su ne kuma waɗanda ake tura sabon ma'aikaci wurinsu a ce ya zauna ya koyi aiki. Da yawansu suna tsakanin shekara 45 da 55, wato daidai shekarun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce al'ada takan ɗauke wa yawancin mata. Ra'ayina shi ne wuraren aikinmu suna tauye wa waɗannan mata haƙƙi, sau da yawa ba da gangan ba, kuma babban ɓangaren gyaran bai wuce a rubuta ɗan sassaucin lokaci a cikin ƙa'idar aiki ba, yadda mace za ta neme shi a matsayin haƙƙinta, ba sai ta tsaya jiran tausayin shugaba ba.

Yawancin rashin adalcin daga rashin sani yake tasowa, don haka ya kamata a faɗi abin da ke faruwa a jiki ƙarara. Likitoci ba sa cewa al'ada ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, amma wahalar takan fara shekaru kafin nan, lokacin da sinadarin estrojen da jikin mace ke samarwa ya shiga hawa da sauka kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya. Jini yakan rikice, ya yi wata biyu bai zo ba, sannan ya ɓalle da yawa a ranar da ba a zata ba. Wani zafi yakan taso daga ƙirji ya hau wuya da fuska, zufa ta karyo, zuciya ta yi ta bugawa, bayan 'yan mintoci ya lafa ya bar mace tana jin sanyi a cikin jiƙaƙƙun kaya. Idan dare ya yi, zufar takan tashe ta sharkaf, ta sake riga, ta koma ta kwanta, barci kuwa ya ƙaurace mata har a kira assalatu. Daga rashin barcin nan ne sauran abubuwa suke ƙaruwa: mantuwa, rashin tattara hankali, saurin fushi, faɗuwar gaba ba dalili, ga kuma ciwon gaɓoɓi. Ba kowace mace ce ke shan wannan ba. Akwai waɗanda suke wucewa salin alin, har suna murna da cewa daga yanzu sallarsu da azuminsu ba yankewa. Amma ga wadda abin ya tsananta wa, ba magana ce ta mako biyu ba. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa a cikin matan da zafin ke yawan taso musu, matsakaicin tsawon lokacin da yake ɗauka ya haura shekara 7, a wurin mata baƙar fata kuwa ya kai kimanin shekara 10.

A ɗora wannan a kan shekarun ritaya a ga abin da ya fito. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, farfesa kuwa tun 2012 doka ta ba shi har shekara 70. Ke nan malamar da zafin nan ya fara taso wa tana da shekara 47, akwai sauran aiki mai tsawo a gabanta, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ake tantance wadda za a ba shugabancin makaranta, da wadda za a ƙara wa girma zuwa darakta, da matakin albashin da mace za ta yi ritaya a kansa. Takardar tuhuma guda ɗaya ta makara da aka jefa a fayil ɗinta a wannan lokaci tana iya bin ta har ƙarshen aikinta.

Na daɗe ina koyarwa, kuma abin da zan faɗa na gan shi da idona a wata makarantar sakandare da ba zan ambata ba. Wata abokiyar aikinmu ce, malamar lissafi wadda duk wanda ya bi ta hannunta yake yaba mata. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Zariya yake doshin digiri 40, ana ta shirya 'yan ajin ƙarshe don jarrabawar fita. Ajin rufin kwano ne ba silin, fankar da ke rataye ta daɗe da daina juyawa, ɗalibai cike har bakin ƙofa. Tana tsakiyar warware lissafi a allo sai ta tsaya cak, alli a hannu. Fuskarta ta jiƙe nan take, ta sa gefen mayafi ta goge, ta sake gogewa, ta juya ga allon ta rasa inda ta tsaya a lissafin da ta shekara da shekaru tana koyarwa. Yara suka fara 'yan ƙus-ƙus. Ta ce su kwafi abin da ke allo, ta fita ta jingina da bango a inuwa har abin ya lafa, ta dawo ta ƙarasa darasinta. Wata rana kuma, a taron malamai, na lura an tashi kowa ya watse ita tana zaune ba ta motsa ba. Da na matsa kusa sai ta ce da ni a hankali, "Malama, don Allah ki ara mini babban mayafinki, ki kuma dubo mini ko mai riƙe da makullin banɗaki yana nan." Jini ne ya ɓalle mata tana zaune, ta haƙura ta jira ɗakin ya zama ba kowa. Da aka samo makullin, banɗakin ba ko ɗigon ruwa a ciki.

Ita wannan malama ce mataimakin shugaban makaranta ya tsare a gaban rajistar sa hannu wata safiya. Mutumin kirki ne, sa'an ƙanenta, kuma aikinsa yake yi. Ya ce, "Hajiya, makarar nan fa ta fara yawa, an ja layi tun ɗazu." Ta ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai, ba na jin daɗi ne kwana biyu." Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, amma a daure a kawo takardar likita." Nan maganar ta ƙare. Ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa namiji, balle ƙaramin da take yi wa kallon ƙane, cewa ta kwana tana sake riga ba, shi kuma ko a mafarki bai kawo wannan a ransa ba. Abin da ya shiga rajista shi ne ta makara. Abin da ya shiga bakin 'yan ofis kuwa shi ne Hajiya ta fara tsufa, ta zama mafaɗaciya, ba ta son aiki kamar da.

Kunya ado ce a wurinmu, kuma ba na cikin masu cewa a yar da ita. Amma ya kamata mu rarrabe tsakanin kunyar da ke kare mutunci da shirun da ke cutar da mai shi. Addinin da mafi yawanmu muke bi bai ɓoye wannan magana ba. Alƙur'ani a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ya ambaci matan da suka ɗebe tsammani daga haila ya kuma faɗi iddarsu, kuma yaran da ke karatun Ahalari a zaurukan Birnin Zariya suna karanta babin haila a gaban malaminsu ba wanda ya ce an yi rashin kunya. Saboda shirun nan ne mata da yawa ba su san sunan abin da ke damunsu ba. Wata takan yi ta zarya zuwa kemis ana ba ta maganin maleriya da taifot, wata ta ɗauka sammu aka yi mata a ofis saboda kujera, wata kuma a ce mata iska ce a shiga ruƙiyya. Idan mai ciwon kanta ba ta gane shi ba, ina ga shugaban da ke kallon agogo kawai?

Dokokinmu ma sun yi shiru. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta san mace mai ciki da mai jego: sashe na 54 ya ba ta mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, ya kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har kwana 12 na hutun rashin lafiya da albashi a shekara, bisa takardar likita. Daga nan babu sauran wani abu da ya dace da halin da muke magana a kai, domin matar da ta kwana ba barci ba hutun yini guda take buƙata ba, awa ɗaya ko biyu take nema da safe wadda za ta rama da yamma, kuma ba zai yiwu ta riƙa bin layin asibiti duk ranar da hakan ya faru don a rubuta mata takarda ba. Sai dai tushen da za a gina gyara a kansa yana nan. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa, sashe na 17 kuma ya ɗora wa hukuma manufar tabbatar da cewa yanayin aiki na adalci ne da jin ƙai, kuma an kare lafiyar ma'aikaci. Nijeriya ta kuma amince da yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya wadda ta hana wariya a wurin aiki. Ƙa'idar da aka shimfiɗa wa kowa daidai a takarda, amma a aikace nauyinta yake faɗawa kan jinsi ɗaya a wasu shekaru na rayuwarsa, ba ta cika sharaɗin adalci ba.

Duk wanda ya ce lanƙwasa lokacin aiki baƙon abu ne a wurinmu bai duba da kyau ba. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ta daɗe tana bai wa mai shayarwa awa biyu a kowace rana bayan ta dawo daga hutun haihuwa, a 2021 kuma aka amince wa maza hutun kwana 14 idan matansu suka haihu. Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa wata 6 a 2019. A watan Disamba na 2021 jihar ta fara tsarin aikin kwana huɗu a mako, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Alhamis, makarantun gwamnati kuma suka bi sahu a farkon 2022. Lokacin annobar korona a 2020, gwamnatin tarayya ta ce ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna gida. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Idan azumi ya kama, wasu jihohin Arewa kamar Jigawa sukan rage awannin aiki, kuma ko inda ba a fitar da sanarwa ba kowa ya san ofis yakan yi sauƙi bayan azahar. Mun lanƙwasa agogo saboda jariri, saboda annoba, saboda tsadar mota, saboda ibada, kuma duka dalilai ne masu kyau. Ban ga hujjar da za ta sa a ce agogon ya zama ƙarfe ba sai da aka zo kan matar da ta ba wa aiki shekara ashirin da wani abu na rayuwarta.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A ofis, a ware awannin tsakiyar rana da dole kowa ya kasance a kujerarsa, a bar farkon yini da ƙarshensa su zama masu motsi, yadda wadda ta shigo ƙarfe 9 da rabi za ta tashi bayan sauran da gwargwadon abin da ta rage. A nan Zariya wannan yana da ƙarin amfani, domin mai fitowa daga Ƙofar Doka ko Tudun Wada zuwa Samaru, balle Shika, sai ta hau abin hawa biyu ko uku, ta kuma sha cunkoson Kwangila, wato barcin da ya fara ɗaukarta bayan asuba shi ne take yankewa don ta kama hanya. Inda aikin na kwamfuta ne ko duba takardun jarrabawa ko rubuta rahoto, a yarda ta yi yini ɗaya a gida a mako. A makaranta, mai tsara jadawalin darasi yana iya ɗauke mata darasin farko ya mayar mata da shi gaba, ko kuma, ga wadda zafin rana ya fi damu, ya tattara mata darussanta da safe. Ita za a tambaya, domin jiki ya bambanta. A ba ta izinin fita na minti goma ba tare da ta yi bayani a gaban ɗalibai ko abokan aiki ba. Sannan a naɗa wata babbar ma'aikaciya a kowace ma'aikata wadda za a riƙa kai wa irin wannan buƙata a sirrance, ita kuma ta isar wa shugaba cewa wance tana da uzurin lafiya da aka tabbatar, ba tare da an buɗe mata ciki ba.

Za a ce ai shugabanni masu kirki suna yin haka tun da daɗewa. Gaskiya ne, kuma a nan ne matsalar take. Wata 'yar uwata ma'aikaciyar jinya ta yi aiki a ƙarƙashin wata shugaba da ta fahimci halin da take ciki tun kafin ta gama bayani, domin ita ma ta bi ta wannan hanya. Ta rage mata dutin dare a jere, ta musanya mata da na rana da na ƙarshen mako, ba wanda ya ji ba wanda ya gani, aiki kuma bai tsaya ba. Da aka yi wa shugabar canjin wurin aiki, wadda ta gaje ta ta duba jadawali ta ce ba ta san da wannan zance ba, kuma ba ta ga inda aka rubuta shi ba. Ba ta yi ƙarya ba. 'Yar uwar tawa ta koma dare huɗu a jere, ta fara lissafin ajiye aiki tun lokacinta bai yi ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma alfarma zanen aro ce. Tana kuma da wani aibi: wadda ta san shugaba ko take da uwa a gindin murhu ita ke samu, wadda ba ta da kowa ta haƙura, daga nan sai tsegumi da ƙyashi su shiga tsakanin ma'aikata. Rubutacciyar ƙa'ida ce kaɗai ke sa talaka da mai gata su tsaya a layi ɗaya.

Akwai ƙorafin da nake ɗauka da muhimmanci, wato cewa aji ba ya jira, majinyaci ma ba ya jira, kuma asibitocinmu da makarantunmu suna fama da ƙarancin ma'aikata, musamman yanzu da likitoci da ma'aikatan jinya ke ta ficewa ƙasashen waje. Idan aka rage wa wata dutin dare, wata ce za ta ɗauka. Haka ne. Amsata ita ce musanya ake nema, ba ragi ba: awannin suna nan yadda suke, wurin zamansu ne ke canzawa, kuma akwai matasa da za su fi son dare don su samu ranarsu ta karatu ko ta wata hidima. Ƙarancin ma'aikatan ma hujja ce a gare ni. A Birtaniya, wani bincike da ƙungiyar Fawcett ta fitar a 2022 ya gano cewa mace ɗaya cikin goma da suka yi aiki a wannan mataki na rayuwa ta bar aikinta saboda wahalar da take sha. A wurinmu ba kowa ke da halin barin albashi ba, don haka asarar takan zo ta wata fuska: mace ta ƙi karɓar muƙamin da ta cancanta, ta nemi a mayar da ita inda ba a ganinta, ta zauna shiru tana ƙirga shekarun fansho. Ungozomar da ta karɓi haihuwa shekara 25, wadda da ganin fuskar mai naƙuda ta san akwai matsala, ba a maye gurbinta da takardar ɗaukar sabon ma'aikaci.

Wasu kuma za su ce za a fake da wannan a yi ha'inci, ko su tambaya ina nasu rabon, tunda maza ma suna da ciwon suga da hawan jini da ciwon baya. Ha'inci ya riga wannan magana zuwa ofisoshinmu, kuma maganinsa shi ne a auna ma'aikaci da abin da ya aikata: darasi nawa ya koyar, fayil nawa ya kammala, majinyaci nawa ya duba. Rajistar sa hannu ba ta taɓa hana wanda ya zo ƙarfe 8 ya ɓace ƙarfe 10 ba. Game da maza kuwa, na yarda da su ɗari bisa ɗari, shi ya sa nake ganin a buɗe ƙofar ga duk ma'aikacin da ke da uzurin lafiya mai ɗorewa, amma a ambaci ɗaukewar al'ada da sunanta a cikin jerin uzurorin, don kada wani shugaba ya ce ai wannan ba ciwo ba ne.

Wannan ne ma ya sa ba na goyon bayan a ƙirƙiro wani hutu na musamman da sunan ɗaukewar al'ada. An yi wannan muhawara a Birtaniya: a 2022 wani kwamitin majalisar dokokinsu ya ba da shawarar a gwada irin wannan hutu, gwamnati ta ƙi a farkon 2023. Hanyar da suka bi daga baya ta fi kama hankalina. A watan Fabrairu na 2024 hukumarsu mai kula da daidaito ta fitar da jagora cewa idan wahalar ta daɗe kuma ta yi tsanani, wajibi ne mai aiki ya yi gyare-gyaren da suka dace, daga Afrilu na 2024 kuma kowane ma'aikaci ya samu damar neman sassaucin lokaci tun ranar da ya fara aiki. A wurinmu, inda ake yi wa mace gori da shekaru, inda wasu ke ɗaukar ɗaukewar al'ada a matsayin alamar cewa mace ta gama amfani har a gidan aurenta, hutun da aka liƙa wa wannan suna zai zama tambari a goshi. Kaɗan ne za su nema, waɗanda suka nema kuma za a tuna musu ranar da aka zauna zancen ƙarin girma. Don haka duk ƙa'idar da za a rubuta, dole ta ƙunshi cewa neman sassauci ba zai shiga takardar auna ƙwazo ta shekara ba, kuma bayanin lafiyar mace ba zai zauna a fayil ɗin da kowane masinja ke ɗauka daga tebur zuwa tebur ba.

Na sha jin ana cewa iyayenmu da kakanninmu sun wuce wannan ba su yi surutu ba. Sun wuce, Allah ya saka musu da alheri, amma yawancinsu a tsakar gidansu suka wuce shi. Wadda ke saƙa ko kaɗi ko dakau ko tuyar ƙosai, idan zafi ya taso mata takan ajiye abin da take yi ta watsa ruwa ta zauna a inuwa, idan ba ta yi barci da dare ba ta rama da hantsi, kuma akwai surukai da jikoki da za su karɓe ta. Har yau mai rumfa a kasuwar Sabon Gari tana da wannan iko a kan lokacinta fiye da darakta a ofis. Sassaucin da nake nema shi ne wanda iyayenmu suke da shi, aikin albashi ya zo ya ƙwace. Ga shi kuma matar yau tana haɗa aikin da ɗawainiyar da ta fi yawa a daidai waɗannan shekaru: aurar da 'ya'ya, kuɗin makarantar na jami'a, jinyar tsofaffin iyaye, wani lokaci da riƙon marayun dangi.

Lokaci kaɗai ba zai wadatar ba idan wurin aikin kansa azaba ne. Banɗakin mata mai ruwa da ƙofa mai rufuwa, wanda makullinsa ba ya aljihun wani namiji, shi ne abu na farko, kuma a garin da ya daɗe yana fama da matsalar ruwan famfo wannan yana nufin a sa kuɗin tanki ko na 'yan garuwa a cikin kasafi, kada a bar shi ga karo-karon malamai. Sai tagar da ke buɗuwa, da fanka mai caji don lokacin da aka ɗauke wuta, da ruwan sha a kusa. Inda ake sa yunifom, a yarda da yadin auduga marar nauyi, a kuma ba da ƙarin saiti. Duk waɗannan, ɗalibai mata da masu ciki da kowa ma zai amfana da su.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matan da ba su da ƙungiya ba su da takardar ɗauka ta dindindin: masu shara da goge-goge da 'yan kwangila suka ɗauka, masu dafa abinci a makarantun kwana, da malaman makarantu masu zaman kansu da suka cika unguwanninmu, inda ake yanke wa malama wani abu daga ɗan albashinta duk ranar da ta makara da minti goma. Su ba ƙarin girma suke tsoron rasawa ba, aikin ne gaba ɗaya, domin akwai 'yan mata da yawa a bakin ƙofa suna jira. Duk ƙa'idar da gwamnati za ta fitar, ya kamata ta shiga cikin sharuɗɗan ba da kwangila da na sabunta rajistar makarantu masu zaman kansu, in ba haka ba gyaran zai tsaya a kan waɗanda dama suke da ɗan abin kare kansu.

Garin da ke da asibitin koyarwa da tsangayar koyon likitanci bai kamata matansa su riƙa laluben wannan ilimi a wurin masu tallan magani a mota ba. Asibitocin ma'aikata na manyan makarantunmu suna iya ware rana ɗaya a wata don matan da suka haura 40, a auna musu jini da suga, a duba masu zubar jini mai yawa ko akwai ƙarancin jini ko ƙari a mahaifa, a yi musu bayanin magungunan da ke mayar da sinadarin da jiki ya rage da kuma waɗanda bai dace su sha ba. A kuma nanata musu abu ɗaya da ke ceton rai: jinin da ya dawo bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa ba a zama da shi a gida, sai an ga likita, domin yana iya zama alamar sankarar mahaifa. Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara an ware ta a duniya don wayar da kai kan wannan batu, kuma gidajen rediyon da ake saurare a Zariya suna iya ba ta awa ɗaya da Hausa, a gayyato likita mace da malama su amsa tambayoyi, maza ma su ji.

Ba sai an jira Majalisar Tarayya ta gyara Dokar Ƙwadago ba. Ofishin Shugaban Ma'aikata na jiha yana iya fitar da takardar umarni guda ɗaya, majalisun gudanarwa na jami'a da kwalejoji suna da ikon gyara sharuɗɗan aikin ma'aikatansu, kuma ƙungiyoyin malamai da na ma'aikatan jinya da na jami'o'i, waɗanda duk suna da mata a cikin shugabanninsu, suna iya sa wannan a cikin buƙatun da suke kai wa teburin sulhu kusa da batun albashi da alawus. Nauyi na musamman yana kan matan da suka riga suka hau manyan kujeru, domin su ne za su iya faɗin maganar a taron gudanarwa ba tare da an ce suna neman uzuri ba. Shugaban makarantar da ya karanta wannan kuwa, tun kafin wata takarda ta iso masa daga Kaduna, yana iya kiran babbar malama a cikin ma'aikatansa kafin a tsara jadawalin zango mai zuwa, ya ce ta zagaya ta ji ta bakin 'yan uwanta a sirrance, ta kawo masa sunayen waɗanda ke son a matsar musu da darasi, ya sa hannu, a ajiye kwafi a ofis don wanda zai gaje shi ya tarar.